Me Ke Tafiyar da Dutsen da Aka Jefa?

Yau zan yi muku jawabi a kan wani abu da kowa ke gani tun yana yaro, amma sai da masana suka yi shekara wajen 2,000 suna gardama kafin su gane kansa. Abin nan kuwa shi ne motsi, watau yadda abubuwa ke tafiya, da yadda su ke tsayawa, da yadda su ke faɗuwa.

Ku ɗauki dutse ku jefa. Muddin yana hannunku ba wani abin tambaya, hannu ke tafiyar da shi. To, amma ga shi ya rabu da hannu, yana ta tafiya cikin sarari, ba mai riƙe da shi, ba mai tura shi. Me ke tafiyar da shi? In kuwa akwai abin da ke tafiyar da shi, don me ya kan sassauta ya faɗo ƙasa? Kada ku ce wannan tambayar yara ce. Manyan malamai na ƙasashe dabam dabam sun amsa ta, sun kuskure, aka kuma yi ta karantar da kuskuren nan a makarantu ɗaruruwan shekaru. Ku da kuka fara karatu yanzu, littattafai za su yi ta zuwa hannunku. Ya kamata ku ji yadda kuskure ke shiga littafi ya zauna, ku kuma ji yadda a ke fid da shi.

Maganar Aristo

A ƙasar Yunan an yi wani babban malami, sunansa Aristotil, Larabawa na ce masa Aristo. An haife shi shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi shekara 62 a duniya. Shi ya karantar da Iskandar, sarkin nan da ya ci ƙasashe tun daga Masar har bakin Hindu. Da wuya a sami fannin ilmi na zamaninsa wanda bai yi rubutu a kai ba.

Aristo ya ce motsi iri biyu ne. Na fari shi ne wanda abu ke yi don kansa. Ya ce duk abin da ke nan duniya daga abu huɗu aka yi shi, ƙasa da ruwa da iska da wuta, kowanne kuwa yana da gidansa. Gidan ƙasa yana ƙarƙashi, gidan wuta yana sama. Saboda haka in ka saki dutse sai ya nufi ƙasa, hayaƙi kuwa ya nufi sama, kowa na neman gida. Ya kuma ce gwargwadon nauyin abu, gwargwadon saurin faɗuwarsa. Watau dutsen da ya yi nauyin wani sau 10, zai fi shi saurin faɗuwa sau 10.

Na biyu shi ne motsin tilas. Ya ce abu ba ya tafiya sai da mai ja ko mai turawa, kuma da mai turawa ya bari sai tafiya ta ƙare. In shanu sun tsaya, keken da su ke ja ya tsaya. Da aka zo kan kibiya wadda ta riga ta rabu da baka, sai ya ce ai iska ce ke ɗauke da ita. Tsirkiya ta motsa iska, iskan nan ta motsa ta gabanta, suna miƙa kibiya hannu da hannu har ƙarfinsu ya ƙare.

Kada ku yi wa Aristo dariya. Maganarsa ta dace da abin da ido ke gani kullum. Wa ya taɓa ganin keke na tafiya ba mai ja? Wa bai ga dutse ya riga ganye isa ƙasa ba? Don haka, da kuma girman sunansa, mutane suka karɓi maganar, Yunanawa suka ba Larabawa, Larabawa suka ba Turawa.

Waɗanda suka fara ja da shi

Bayan mutuwar Aristo da shekara fiye da 800, aka yi wani malami a birnin Iskandariya ta Masar, sunansa Filoponus, Larabawa na kiransa Yahaya Nahawi. Shi ya ce zancen iskan nan bai shiga kansa ba. Ya ce in iska ce ke tura kibiya, to, a ɗora kibiya a kan sanda, a yi ta kaɗa mata iska daga baya, mu ga ko za ta tashi ta tafi kamar an harba ta. A ganinsa mai jifa ne ke zuba wa dutse wani ƙarfi, dutsen ya tafi da shi, ƙarfin ya yi ta raguwa har ya ƙare. Ya kuma ce in an saki abu biyu daga sama, ɗaya ya fi ɗaya nauyi ƙwarai, tsiran da ke tsakanin isowarsu kaɗan ne.

Sai Ibn Sina, babban likitan nan wanda aka haifa kusa da Bukhara wajen shekara ta 980, ya mutu cikin 1037. Cikin littafinsa mai suna Ash-Shifa ya ƙara wani taki. Ya yarda mai jifa na zuba wa dutse wani abu, amma ya ce abin nan ba ya ƙarewa don kansa, iska ce ke cinye shi. Da za a sami wurin da babu iska ko kaɗan, da dutsen ya yi ta tafiya ba tsayawa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Wajen shekara ta 1350 kuma wani malamin birnin Paris ta Faransa, sunansa Buridan, ya kawo misali mai kyau. Ya ce ku dubi jirgin ruwa da a ke ja da igiya a kogi. In masu ja sun bari, jirgin ya kan ci gaba da tafiya. Mutumin da ke tsaye a kansa kuwa ta gaba ya ke jin iska na bugunsa, ba ta baya ba. Ashe iska tare hanya ta ke yi, ba turawa ba.

Duk waɗannan sun yi tunani mai zurfi. Abin da ya rage shi ne awo. Magana ce a ke karawa da magana, wanda ya fi iya hujja ya ci, gobe wani ya zo ya rushe.

Gani ya kori ji

Cikin 1586, a garin Delft ta ƙasar Holanda, wani masanin lissafi mai suna Simon Sitebin da abokinsa suka ɗauki dunƙulen darma biyu, ɗaya ya yi nauyin ɗaya sau 10. Suka hau wuri mai tsawon ƙafa 30, suka ajiye katako a ƙasa, suka sake su tare. Bisa ga maganar Aristo, ya kamata babban ya isa tun ƙaramin bai yi nisa ba. Sai aka ji ƙararsu a kan katako kamar bugu guda.

Wanda ya bi abin nan har ƙarshensa shi ne Galiliyo, mutumin Italiya. An haife shi a Pisa cikin 1564, ya karantar da lissafi a Paduwa daga 1592 zuwa 1610. Ya fara da wata tambaya wadda ko ku kuna iya yi wa mai bin Aristo. Ya ce, to, mun ji babban dutse ya fi ƙarami sauri. A ɗaure su da igiya a sake su. Ƙaramin zai riƙa jan babban baya, don haka za su rage sauri. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, don haka za su ƙara sauri. Yaya abu guda zai ƙara sauri ya kuma rage a lokaci guda? Mafita ɗaya ce, a ce tun asali saurinsu ɗaya ne.

Sa'an nan ya so ya auna yadda abu ke faɗuwa. Nan ya gamu da wahala, domin faɗuwa tana da sauri, a zamaninsa kuwa babu agogon da ke iya kama ɗan lokaci haka. Sai ya yi dabara. Ya sami katako mai tsawon kamu 12, aka fafe masa hanya a tsakiya kamar indararo, aka shimfiɗa fata mai santsi ciki. Ya ɗaga kai guda kaɗan, ya riƙa sakin ƙwallon tagulla yana gangarowa. Kun ga ya rage wa faɗuwa sauri ke nan, yadda ido zai iya binta. Maimakon agogo kuma ya rataye babban mazubi cike da ruwa, da 'yar siririyar kafa a gindi. Da sakin ƙwallo sai ya buɗe kafa ruwa ya zuba cikin kofi, da isowarsa sai ya toshe. Ya ɗora ruwan a ma'auni. Ruwa mai yawa, lokaci mai yawa ke nan. Ya ce ya maimaita gwajin nan har sau 100.

Ga abin da ya samu. In ƙwallo ya ci taki 1 a lokaci na fari, zai ci taki 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. In kun tara za ku sami 1, da 4, da 9, da 16. Watau in lokaci ya ninka sau 2, nisa ya ninka sau 4, in lokaci ya ninka sau 3, nisa ya ninka sau 9. Haka abin ya ke ga dutsen da aka saki cikin rijiya mai zurfi. Cikin sakan 1 ya kan faɗi wajen ƙafa 16, cikin sakan 2 ƙafa 64, cikin sakan 3 ƙafa 144. Babba da ƙarami duk ɗaya ne. Ganye da gashin tsuntsu kuwa iska ce ke tare su, ba rashin nauyi ke hana su sauri ba.

An juya tambaya

Yanzu ku kasa kunne, ga cibiyar jawabin nan. Galiliyo ya lura ƙwallo in yana gangara sai ya ƙara sauri, in yana hawa sai ya rage. Sai ya ce, to, in wurin shimfiɗaɗɗe ne fa, ba hawa ba gangara, kuma da santsi sarai? Ba abin da zai ƙara masa sauri, ba kuma abin da zai rage. Ashe sai ya yi ta tafiya.

Kun ga inda aka daɗe ana ɓata. Shekara da shekaru ana tambaya, me ke tafiyar da dutse? Ashe tafiya ba ta bukatar mai turawa. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me ke tsai da shi? Amsa kuwa a fili ta ke: gugar ƙasa, da iska da ke tare shi, da jan da ke kai shi ƙasa. Keken shanu ya tsaya ne don ƙasa na riƙe ƙafafunsa. Kun tuna maganar Ibn Sina? Ga ta ta dawo, amma yanzu da awo a bayanta.

Wannan ya warware wata gardama babba. A zamanin nan masana sun fara cewa duniya na juyawa, tana kuma kewaya rana. Masu musu suka ce in haka ne, dutsen da aka saki daga kan hasumiya ai da baya zai faɗa, domin ƙasa ta gudu ta bar shi. Cikin littafinsa na 1632 Galiliyo ya ce su dubi jirgin ruwa mai tafiya sumul. In mutum ya hau dogon itacen nan da ke tsaye tsakiyar jirgi ya saki dutse, a gindin itacen zai faɗa, domin dutsen ya riga ya ɗauki tafiyar jirgi, ba ya kuwa yar da ita don an sake shi. Cikin 1640 wani Bafaranshe, Gasandi, ya gwada haka cikin jirgi a tekun Marsel, dutse ya faɗa gindin itace.

Galiliyo ya sha wuya saboda zancen tafiyar duniya. Cikin 1633 hukumar coci a Rum ta yi masa shari'a, aka tsare shi a gidansa har mutuwarsa cikin 1642. A tsaren nan ya rubuta littafinsa na motsi, aka fita da shi aka buga a Holanda cikin 1638, lokacin kuwa ya riga ya makance.

Saura gyara guda. Cikin 1644 Dekart, shi ma Bafaranshe, ya ce abin da aka ƙyale shi, tafiyarsa miƙaƙƙiya ce sak, ba ya lanƙwasa sai an tilasta shi. Ya ba da misali da majajjawa. Muddin kana juya ta, igiya ke tilasta dutse ya kewaya. Da ka saki, sai ya miƙe ya tafi.

Dokoki uku na Niyuton

Ishaku Niyuton ɗan manomi ne a Ingila, an haife shi ranar Kirsimati ta 1642 bisa ƙidayar Ingila ta lokacin, ubansa ya riga ya mutu. Ya yi karatu a Kambirij. Cikin 1665 annoba ta sa aka rufe makaranta, ya koma ƙauyensu, can ya fara tunanin abin da ya fito cikin babban littafinsa na 1687. Abokinsa Edmon Halli, masanin taurari, shi ya matsa masa ya rubuta, shi ya kuma biya kuɗin bugawa. A ciki ya tsara dokoki uku.

Ta fari: abin da ke tsaye zai zauna tsaye, abin da ke tafiya zai ci gaba sak da saurinsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Duk wanda doki ya turje da shi ana cikin sukuwa, ya wuce ta kan wuyansa, ya san dokan nan. Doki ne ya tsaya, mahayi bai tsaya ba.

Ta biyu: aikin ƙarfi shi ne sāke tafiya, ya ƙara sauri, ko ya rage, ko ya juya ta wani waje. Gwargwadon ƙarfi, gwargwadon sākewar. Kuma abu mai jiki da yawa ya fi wuyar tayarwa, ya fi wuyar tsayarwa. Don haka mota mai kaya ba ta tsayawa nan take, kome kyaun birkinta. In direba ya ninka gudu sau 2, filin da zai ci kafin ya tsaya ya ninka wajen sau 4.

Ta uku: in ka tura abu, shi ma ya tura ka da ƙarfi daidai da naka. Ka yi tsalle daga kwalekwale zuwa gaɓa, kwalekwale ya koma baya. Maharbi ya harba bindiga, ta buge shi a kafaɗa.

Sa'an nan ya ce kowane abu na jan kowane abu, gwargwadon jikinsu, jan kuwa na raguwa da nisa. In nisa ya ninka sau 2, ja ya ragu sau 4. Nan aka gane dalilin abin da Sitebin ya ji a kan katako. Gaskiya ne duniya na jan babban dunƙule sau 10 fiye da ƙarami, amma kuma babban ya fi wuyar tayarwa sau 10. Wannan ya biya wancan, suka iso tare.

Niyuton bai tsaya ga duwatsu ba, ya ɗaga kai ya dubi wata. Ya ce a ce mutum na kan dutse mai tsawo ƙwarai yana jifa. In ya ƙara ƙarfi, abin jifan ya ƙara nisa kafin ya faɗi. Tun da duniya dunƙulalliya ce, in jifan ya yi ƙarfi sosai, abin zai yi ta faɗuwa, ƙasa na lanƙwashewa ƙarƙashinsa, har ya kewayo bai taɓa ta ba. Ya ce wata haka ya ke, jan duniya ke riƙe da shi kamar igiyar majajjawa. Ya kuwa auna. Nisan wata daga tsakiyar duniya ya yi namu sau 60, saboda haka ja a can ya ragu sau 60 sau 60, watau 3,600. Bisa ga lissafi, ƙafa 16 ɗin nan da dutse ke faɗi cikin sakan guda, wata zai faɗe su cikin minti guda. Da aka duba tafiyar wata, haka aka samu. Doka guda ke nan ga dutsen rijiya da watan sama.

Yadda aka jarraba shi

Shi ma Niyuton ba a karɓi maganarsa don girman sunansa ba. Halli ya ɗauki dokokin nan ya lissafa tafiyar wani tauraro mai wutsiya da aka gani cikin 1682. Cikin 1705 ya rubuta cewa zai komo wajen 1758. Halli ya mutu cikin 1742, bai gani ba. Ƙarshen 1758 sai ga tauraro ya bayyana. Da dokokin nan kuma aka harba tauraron ɗan'adam na fari cikin 1957, ya riƙa kewaya duniya kamar yadda Niyuton ya kwatanta. Cikin 1971 wani Ba'amurke, Dauda Sikot, ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho tare. Tare suka taɓa ƙasa, jama'a na kallo ta talabijin.

Duk da haka ba a ce an gama ba. Cikin 1905 da 1915 Albat Ainishtain ya nuna dokokin Niyuton na bukatar gyara in gudun abu ya kusa na haske, watau mil 186,000 cikin sakan guda, ko kuwa inda ja ya yi tsanani ƙwarai. Aka auna, aka ga ya yi gaskiya. Amma ga mota da gada da jirgin sama, har yanzu da lissafin Niyuton a ke aiki.

To, jama'a, kun ji labarin. Aristo ya fi yawancin mutane hankali, ya kuwa kuskure cikin abin da yaro ke iya gwadawa da duwatsu biyu. Laifin ba nasa ba ne kamar na waɗanda suka yi ta kwafar maganarsa ba su gwada ba. Ku girmama littafi, ku girmama malami, amma in abu na gwaduwa, ku gwada.

Ku fara da jawabin nan nawa. In kun koma gida ku sami dutse babba da ƙarami, ku hau wuri mai tsawo, ku duba ba kowa a ƙasa, ku sake su tare, ku saurara. Sa'an nan ku sami takarda biyu iri ɗaya, ku dunƙule guda, ku bar guda a shimfiɗe, ku sake su. Nauyinsu ɗaya, amma za ku ga wadda ta riga isa. Ku tambayi kanku dalili, ku kuma nuna wa 'ya'yanku.

Iyakar jawabina ke nan.